Tela, abaya, odar waya ko gwanjo: wanne ya fi dacewa da mace mai jiki a Kano?

Ana saura kwana huɗu bikin ƙanwata na shiga wani shago, na ga doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a bakin hannu. Yaron shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ɗauki kawai, firi sayiz ce, kowa tana shiga." Na biya na taho gida. Rigar ta wuce kai, ta zo kafaɗa ta tsaya cak, da ƙyar 'yata ta taya ni zare ta. Washegari na mayar, aka nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, kuma ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, sai yadda na koma gida ina ganin laifin jikina, alhali rigar ce ba a yanka ta don irina ba.

Tun daga lokacin nake lura da hanyoyi huɗu da mu masu jiki muke samun sutura a garin nan: a sayi yadi a kai wa tela, a sayi abaya ko doguwar riga ɗinkakkiya a shago, a yi oda ta waya, ko a shiga gwanjo. Duk na bi su, kowacce ta taɓa faranta mini, kowacce kuma ta taɓa cin kuɗina.

Abin da za ki duba kafin ki fitar da kuɗi

Na farko shi ne zaman kaya a jiki. Ba a tsaye gaban madubi kaɗai ake gwada riga ba. Ɗaga hannuwanki sama kamar za ki sauko da tukunya daga kanta, ki zauna a kujera, ki sunkuya kamar mai ruku'u, ki ɗaga ƙafa kamar za ki hau adaidaita sahu. In ta ja a hammata, ko ta ɗage ta baya, ko gaban ya buɗe baki tsakanin maɓallai, ba taki ba ce komai kyanta. Mu kanmu ba iri ɗaya ba ne: wata nauyinta a ƙirji yake, wata a ƙugu da cinya, wata a ciki, wata a damtse. Mata biyu masu nauyi ɗaya sai riga ta zauna wa ɗaya ta ƙi ɗaya.

Na biyu, zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Mace mai jiki tana da wuraren da fata ke haɗuwa da fata, ƙarƙashin ƙirji da hammata da tsakanin cinyoyi, kuma nan ne gumi ke kwanciya ya kawo ƙuraje da saɓa. Auduga tana shan gumi ta bar iska ta ratsa, yadin roba kuwa riƙe shi yake yi. Wannan ma'aunin ni a wurina yana gaba da ado.

Sai kuɗi. Farashin yadi a Kano dala yake bi, na bana ba shi ne na baɗi ba, don haka lissafin da ya fi amfani shi ne sau nawa za ki saka kayan. Rigar da kika saya da araha kika saka sau ɗaya ta fi tsada a kan wadda kika biya ninki uku kina sakawa shekara biyu. Sai ƙarko, wanda a wurinmu a hammata da zif da ɗinkin bayan siket yake fara nunawa. Sai sauƙin samu. Na ƙarshe, in abu ya ɓaci, akwai gyara ko an yi asara ke nan?

Kafin komai ki mallaki tef ɗin awo naki na kanki, ki rubuta awonki da inci a wayarki: kafaɗa, ƙirji, ciki, ƙugu a inda ya fi faɗi, zagayen damtse, tsawon hannu, da tsayi daga kafaɗa zuwa idon sawu. Ki yi awon kina sanye da rigar maman da kike fita da ita, kada ki haɗiye ciki, kada ki ja tef ɗin ya matse. Duk hanyoyi huɗun nan da waɗannan lambobin ake cin ribarsu.

Yadi daga Kwari, ɗinki a wurin tela

Nan ne Allah ya yi wa 'yar Kano gata. Kantin Kwari da ke Fagge ita ake kira babbar kasuwar yadi ta Afirka ta Yamma, har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari. Akwai atamfa tun daga mai sauƙin kuɗi ta Chana har zuwa Holan ta kamfanin Vlisco, wanda yake aiki a garin Helmond tun 1846, ga leshi, ga shadda har gezna ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, ga yadika kala-kala. Yadi ba shi da sayiz, ba wanda zai ce miki babu naki.

Amma akwai lissafin da masu shago ba sa yi miki. Turmin atamfa yadi 6 ne, kowane yadi inci 36. Zani na yadi 2 inci 72 ke nan. In ƙugunki inci 52 ne, abin da zai rage ya hau kan ɗan'uwansa inci 20 ne kacal, kina taku biyu ya buɗe. Zaninki yana buƙatar yadi biyu da rabi, sai ya rage uku da rabi na riga da ɗankwali, kuma in zanen atamfar mai fuskantar gefe ɗaya ne, tela ba shi da damar juya ƙyalle ya tsimi yadi. Shi ya sa turmi ɗaya kan yi mana kaɗan, a ƙare da guntun ɗankwali ko hannun riga a matse. Wasu shagunan suna yanka rabin turmi, ki tambaya tun kina wurin, domin in kika dawo bayan sati biyu ba lallai ki sake samun irin zanen ba. Haka in an fitar da anko, ki faɗa wa uwar biki tun da wuri cewa ɗaya da rabi kike so. Ba abin kunya ba ne.

Atamfa mai araha da yawa roba ce ko gauraye. In kina shakka, zari zare ɗaya daga bakin ƙyallen ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta zama toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Sai zancen tela, wanda shi ne rabin aikin. Da yawanmu ba ma son namiji ya zagaya mu da tef, sai mu aika da tsohuwar riga a ce a yi awo da ita. Rigar nan ta shekara biyu, ta saki a wani wuri, ta matse a wani, jikin ma ya canja. Da haka aka taɓa ɓata mini leshin Sallah, kuma ban da bakin magana domin ni na aika da rigar. Ko dai ki nemi tela mace ta auna ki da kanta, ko ki kai awon da kika rubuta. Sannan ki faɗi abubuwa uku a fili. Ɗaya, a bar miki ɗinki a ciki, kamar inci ɗaya da rabi kowane gefe, yadda in jiki ya ƙaru za a saki. Biyu, a yanka ramin hammata da damtse da walawa, domin yawancin teloli ƙirji da ƙugu suke ƙara wa faɗi su manta da hannu. Uku, a sa shafi na auduga, ba na roba mai sheƙi ba, wanda ke manne wa jiki da zarar an fara gumi. Auduga kan ɗan tsuke a wankin farko, kuma tunda ba kowa ke son wanke sabuwar atamfa kafin ɗinki ba, a ƙara inci ɗaya saboda haka.

Telar da ta iya ɗinkin masu jiki za ki gane ta daga tambayoyinta. Za ta tambaye ki inda riga ta saba matse ki, za ta sa tsawon baya ya ɗan fi na gaba in kina da mazaunai, ba kuma za ta ce miki "ai ke sai bubu" tun kafin ki buɗe baki ba. Bubu kyakkyawan ɗinki ne, ina da su ina kuma son su, amma ya zama ke kika zaɓa. Doguwar riga da ta kama kafaɗa da ƙirji daidai ta buɗe a hankali zuwa ƙasa, ko siket mai ƙyalle shida, ko riga mai ɗan tsawo da ta sauka ƙasan ƙugu da zani, duk suna zama da kyau a jiki mai cika.

Ta fuskar kuɗi, sau uku ake biya: yadi, ɗinki, da kayan haɗi irin su shafi da zif da aiki in akwai. Wasu teloli kan ƙara kuɗi ga mai jiki, ki ji farashin kafin a sa almakashi. Ƙarko kuwa babu kamarsa in yadin na kirki ne, kuma ko ya farke akwai inda za ki mayar. Wahalarsa jira da saɓa alkawari, musamman daga tsakiyar azumi zuwa Sallah da lokacin bukukuwa, inda ake ɗinki da gaggawa a bar wa yaran shago yanka. Babban haɗarinsa ɗaya ne: in aka yanka yadi ya yi kaɗan, ba ya komawa.

Abaya da doguwar riga ta shago

Ana samunsu a Kwari, da kasuwar Sabon Gari, da shagunan titin gidan Zoo, ga kuma waɗanda ake kawowa tsarabar Umara ko daga Dubai. Daɗinsu ki gani da idonki, ki taɓa, ki tafi da abinki a ranar.

Ga abin da na daɗe ban sani ba, kuma ya ci kuɗin mata da yawa. Lambar da ke wuyan abayar ƙasashen Larabawa, 52, 54, 56, 58, 60, tsawo take nufi da inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ba faɗi ba ne. Mace gajera mai jiki sai ta ɗauki 60 tana zaton ita ce babba, ta je gida ta tarar tana share ƙasa amma ƙirji a ɗaure. Ki zaɓi lamba daidai da tsayinki, faɗin kuma ki auna da kanki: shimfiɗa rigar, ki sa tef daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. Ya kamata ya fi awon ƙirjinki da aƙalla inci 4, in ƙugunki ya fi ƙirji faɗi kuma ki auna nan ma. Kada ki manta da hannu, domin abaya da yawa jikinta buɗaɗɗe ne amma hannun kamar bututu.

Kayan Turkiyya lambar Turai suke bi: 46 tana daidai da 18 ta Ingila, 48 da 20, 50 da 22. Na Chana kuwa yankansu ƙanana ne, abin da suka rubuta wa XXL sau da yawa bai kai XXL na Ingila ba. Cikin yanke-yanken abaya, wadda ake kira farasha, mai faɗi kamar fukafukin malam-buɗe-littafi, da mai buɗaɗɗen gaba da ake ɗorawa kan wata riga, su suka fi karɓar jiki iri-iri. Miƙaƙƙiya mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa ita ce mai cin amana.

Yawancin abaya yadin roba ne. Mai kyau, irin wanda ake kira nida, yana da laushi da sanyi a taɓi, yana zuba da kyau ba ya manne wa jiki. Mai araha kuwa, baƙi a tsakar ranar Afrilu, wahala ce. Kuɗin abaya daga matsakaici ne zuwa mai yawa, kuma manyan sayiz su ne ke fara ƙarewa. Ba ta buƙatar guga sosai, tana jure wanki, sai dai duwatsun da aka manna da gam suna zuba, ɗinkin hammata kuma yana saki in ta yi miki cif. Doguwa ana rage ta, matsattsiya kuwa ba ta da gyara, domin masana'anta ba sa barin ɗinki a ciki. Ki tambayi mai shago tun kafin ki biya ko zai yarda da canji, ki kuma ji kwana nawa.

Odar waya

Instagram da TikTok da sitatus na WhatsApp sun buɗe mana ƙofa, ba zan musa ba. A nan na fara ganin mata 'yan Kano suna ɗinka bubu da dogayen riguna na masu jiki suna sayarwa a shirye, wasu ma su kansu masu jiki ne, su saka kayan su juya a bidiyo ki ga yadda yake zama. Irin waɗannan, in a gari suke kuma suna karɓar awonki, kusan tela ce da ta sauƙaƙa miki zirga-zirga.

Inda ake kuka shi ne hoton da aka ɗauko daga wani shafi, siririyar mace ta saka, aka rubuta akwai kowane sayiz. Launi yana canjawa da hasken kyamara, nauyin yadi ba ya fitowa a hoto, kuma wanda ake cewa sai an yi odarsa daga waje kan ɗauki makonni, kuɗinki na hannun wadda ba ki taɓa gani ba. Ga kuɗin kawowa a kai. Kafin ki yi taransifa ki nemi bidiyon ainihin rigar da za a aiko miki, a shimfiɗe, da tef a kanta daga hammata zuwa hammata da kuma a damtse. Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan. Wadda ta ce "kar ki damu, zai shige ki" ba tare da ta tambayi awonki ba, ki riƙe kuɗinki. Ki fara da abu ɗaya mai sauƙin kuɗi, kada kuma ki ɗora kayan biki ko na Sallah a kan oda ta farko.

Gwanjo

Wasu na raina shi, amma kasuwar Ƙofar Wambai ta rufa wa masu jiki asiri ba sau ɗaya ba. Diloli da yawa daga Turai da Amurka suke zuwa, inda ake ɗinka manyan sayiz a matsayin abin yau da kullum, don haka wandon ciki mai tsawo da ke hana cinya gogar juna, da rigunan auduga na zaman gida, da rigar sanyi ta lokacin hunturu, da manyan rigunan mama masu ƙarfi, nan ake dace da su da kuɗi kaɗan. Sai dai sa'a ce da sammako: ranar da aka fasa dila ake tsince masu kyau. Ba wurin gwadawa, sai tef ɗinki. Ki duba hammata da zif, ki ja roba ki ga ko ta mutu. Yawancinsu gajeru ne ko marasa hannu, na sawa a ƙarƙashin abaya ko hijabi ne, ba na fita kai tsaye ba. A wanke su sosai a shanya a rana kafin su taɓa jiki.

| Hanya | Kuɗi | Zama a jiki | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tela | Matsakaici zuwa mai yawa | Mafi kyau in awo daidai ne | Mai yawa, akwai gyara | Sai an jira | Ɓata yanka, saɓa alkawari |
| Abaya ta shago | Matsakaici zuwa mai yawa | Ya danganta da yanka | Matsakaici | A ranar | Ruɗin lamba, ƙin karɓar canji |
| Odar waya | Kowane mataki, da kuɗin kawowa | Ba tabbas sai da awo | Sai an gani | Daga ɗaki | Mafi girma |
| Gwanjo | Mafi sauƙi | Sa'a da tef | Wani ya daɗe, wani a'a | Sammako da tono | Asarar ba ta da yawa |

Akwai abin da tebur ba zai nuna ba. Na san mata da suke da leshi mai tsada a ƙasan akwati shekara da shekaru, suna jiran sai sun rame su ɗinka. Na san waɗanda ba sa saka komai sai baƙi da ruwan ƙasa, don an ce musu launi mai haske yana ƙara ƙiba. A gari ɗaya kuma wasu 'yan mata suna shan sha-ka-fashe don su yi jiki, wasu suna shan shayin rage tumbi da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wannan yana damuna sosai. In nauyinki yana taɓa lafiyarki, hawan jini ko suga ko ciwon gwiwa, likita za ki gani, kuma hakan bai hana ki saka kayan da suka yi miki kyau yau ba. Abin da na gani da idona shi ne, rigar da ta yi yawa fiye da kima tana ƙara wa mutum girma kamar yadda matsattsiya take yi. Abin da ke gyara shiga shi ne ɗinkin kafaɗa ya faɗi daidai kan kafaɗa, rigar mama ta riƙe da kyau, mayafi ya zama mai zuba ba mai tauri ba. In waɗannan sun daidaita, ja ko ruwan ƙwai ko shuɗin rinin Ƙofar Mata duk naki ne.

Wa ya kamata ta ɗauki wanne?

In biki ne ko Sallah ko kayan lefe, tela, ba na ko tantama. Ki kai ɗinki da sauran wata guda, ki fara gwada sabuwar tela da atamfa mai sauƙin kuɗi kafin ki miƙa mata leshi ko gezna. Haka in sama da ƙasan jikinki sun bambanta sosai, ƙirji ƙarami ƙugu babba ko akasin haka, kayan shago ba za su taɓa gamsar da ke ba, ki zuba kuɗinki a ɗinki.

In ma'aikaciya ce ke ko ɗaliba a jami'ar Bayero (BUK) mai fita kullum, abaya biyu ko uku masu yadi mai kyau, waɗanda kika auna da hannunki a shago, za su ɗauke miki nauyin safiya, ki haɗa da dogayen rigunan atamfa na auduga don watannin zafi. In fita kasuwa tana yi miki wuya, ki nemi mai ɗinki guda ɗaya a cikin gari da ke karɓar awo ta waya, ki gwada ta da abu ƙarami, in ta cika alkawari ki riƙe ta. In aljihu ya yi ƙasa, ki sayi na ciki da na zaman gida da na sanyi a Ƙofar Wambai, abin da ya rage ki tara ki ɗinka kala ɗaya mai kyau ta fita.

Mai juna biyu da mai jego da duk wadda jikinta ke hawa da sauka, ki jinkirta ɗinkin da ya kama jiki. Bubu, da abaya farasha, da zani na yadi biyu da rabi za su bi ki duk inda jikin ya je, in kuma kina shayarwa ki ce wa tela ta sa zif ɗin a gaba.